Babi na Shida: Ƙananan Halittun Ƙarƙashin Ruwa, daga Lembe zuwa Kazaure

A babin da ya gabata mun tsaya a bakin ruwa, mun dubi abin da madatsu suka kawo wa ƙasar Kazaure na noman rani da kamun kifi. A wannan babi za mu leƙa ciki. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ga dam ɗin Muhammadu Ayuba shimfiɗe a gefen garin Kazaure, duwatsu na kewaye da shi, masunta na tura kwalekwale da sassafe. Yana cikin jerin madatsun da aka gina a shekarun 1970, lokacin da yankin ke ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kano, tun kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991. Ga kuma kogin Gari da na Tomas da ke gangarawa ɓangaren Babura, ga tafkuna da kududdufai da ke cika da damina a ƙauyukan Roni da Gwiwa. Mun san wannan ruwa ta sama: inda yake da zurfi, lokacin da yake ja da baya, irin kifin da ake fitarwa. Amma halittun da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, waɗanda kifin ke ci, waɗanda kuma wasunsu ke riƙe da lafiyar 'ya'yanmu, kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka dube su.

Akwai mutanen da suka mayar da wannan dubawa sana'a. Suna can a tsibiran ƙasashe masu zafi, nesa da mu ƙwarai, domin daga Kazaure zuwa bakin teku mafi kusa ma tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a mota. Za mu fara da su, saboda akwai darasin da suka riga mu koya.

Yadda mutum ya sami numfashi a ƙarƙashin ruwa

Nutso tsohon abu ne a wurin Bahaushe. Sarkawa da sauran masunta sun gaji iyo da nutso kaka da kakanni, kuma wanda ya je bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya ga yadda maza ke ɓacewa cikin ruwan Matan Fada su ɓullo da kifi a hannu. A ƙauyukanmu ma akwai gwanayen da ake kira idan guga ya faɗa rijiya, ko idan ruwa ya ci wani. Sai dai duk gwanintar mai nutso, iyakarsa numfashin da ke ƙirjinsa. Minti ɗaya ko biyu, dole ya taso. Wanda ke da wannan ɗan lokaci yana neman abin da ya shiga nema ne kawai, ba shi da sararin tsayawa kallo.

Abin ya sauya a 1943, lokacin da Faransawa biyu, jami'in sojan ruwa Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka haɗa wata na'ura da ke rage ƙarfin iskar da aka matse cikin tukunyar ƙarfe, ta riƙa ba mai nutso daidai abin da ya zuƙa. Tukunyar a bayansa take, ba wata igiya ko mesa da ta ɗaure shi da jirgi. Mutane da yawa na zaton oksijin zalla ake ɗurawa ciki. Galibi iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse, har ta ninka nauyin iskar sarari kusan sau 200. Da ita, da gilashin da ke rufe ido da hanci, da takalmin iyo mai faɗi, mutum kan yi kusan awa guda a ruwa marar zurfi sosai.

Ruwa yana da dokokinsa, kuma ba ya yafiya. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne jikinsa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sarari guda. Ke nan a mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Wanda ya cika huhunsa a ƙasa ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta yaga masa huhu. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Haka kuma iskar naitirojin kan narke cikin jini a zurfi, idan aka taso da gaggawa sai ta yi kumfa a gaɓoɓi da jijiyoyi, ta kawo ciwo mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko ajali. Don haka ake tasowa sannu a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Sabon shiga ba ya wuce mita 18, masu nutso don nishaɗi kuma iyakarsu mita 40, kuma ba a shiga sai da abokin tafiya.

Masu neman ƙanana

Da farko manyan abubuwa aka fi nema: kifaye masu girman jirgi, kunkurun teku, dazuzzukan murjani masu launi. Daga baya wasu suka juya ga wuraren da kowa ya raina. Mafi shahara cikinsu shi ne mashigin Lembe, wani siririn ruwa tsakanin birnin Bitung da tsibirin Lembe a arewacin Sulawesi, ƙasar Indonesiya. Ƙasan ruwan baƙin yashi ne na dutse mai aman wuta, ga tarkacen tashar jiragen ruwa, ga kwalabe da gwangwanaye. Mai kallo ɗaya zai ce babu kome. Amma wanda ya kwanta kusa da yashin, ya rage motsi, ya ba idonsa lokaci, sai ya ga yashin ya fara motsi. Abin da ya ɗauka tsakuwa ce kifi ne ya lafe yana jiran abinci. Ganyen da ke lilo kifi ne. Cikin fasasshiyar kwalba ga wata dabba mai hannuwa takwas ta yi gida. Akwai dodon koɗin teku marar ƙoƙo, wanda aka san irinsa fiye da 3,000, da yawansu da launin da ke gargaɗin masu farauta cewa ɗaci ko dafi gare su. A ruwan Sulawesi ne aka gano, a 1998, wata mai hannuwa takwas da ke sauya siffa, yanzu ta yi kamar macijin ruwa, an jima ta baje kamar kifi mai dafi.

Labarin ƙaramin dokin teku ya fi kowanne nuna yadda ido ke tsallake abin da ke gabansa. A 1969, a Sabuwar Kaledoniya, wani mai tara halittun ruwa, Georges Bargibant, ya ciro reshen wani murjani ya kai ɗakin bincike. Sai da ya ajiye shi a gabansa yana dubawa sannan ya lura da wasu halittu biyu manne a jiki, launinsu da ƙurajen jikinsu sak na murjanin. Tsawon kowane bai fi santimita 2 da ɗan ɗoriya ba. Masu nutso sun yi shekaru suna wuce irin wannan murjani ba su gan shi ba. A Afirka kuwa sai a 2020 aka bayyana irin namu na farko, a gaɓar Sodwana ta Afirka ta Kudu, bayan wata mai koyar da nutso ta yankin ta hango shi ta ɗauki hotonsa.

Wannan kallo na ciyar da gidaje. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa baƙin da ke zuwa Indonesiya da Filifin don irin wannan nutso na kawo fiye da dala miliyan 150 a shekara. Baƙon na da kyamara mai tsada, amma ba ya ganin kome sai ɗan gari ya nuna masa. Da yawa daga waɗannan 'yan jagora 'ya'yan masunta ne, kuma jarinsu shi ne sanin inda kowace halitta ke kwana da lokacin da take fitowa. Tun da abincinsu ya rataya a kan rayuwar halittun, su ne kan gaba wajen hana a lalata wurin.

Abin da ke cikin namu ruwan

Tukunyar iska ba za ta yi mana wannan aiki a Kazaure ba. Ruwan madatsunmu na ɗauke da laka, musamman da damina, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa idan ya nutsa. Amma yawancin ƙananan halittunmu a gefe suke, cikin saiwar kainuwa, ƙarƙashin ganyen bado, tsakanin karan kacala, inda ruwa bai kai gwiwa ba. Farin kwano, da rariya mai dogon mariƙi, da gilashin ƙara girma sun isa a gan su.

A ɗebo saiwar kainuwa a girgiza cikin kwanon, a bar ruwan ya kwanta. Za a ga wani ƙwaro mai launin ƙasa yana tafiya a gindin kwano. Ɗan mazari ne. Mazarin da yara ke bi da gudu a bakin tafki yana fara rayuwarsa ne a cikin ruwa, watanni yana farauta, da wani leɓe mai naɗewa da yake harbawa ya cafko 'ya'yan sauro da 'ya'yan kwaɗi. Za a ga kunamar ruwa da doguwar jela wadda da ita take zuƙo iska daga sama. Za a ga matsattsaku, da ƙananan ƙwaroron da ke nutsewa ɗauke da ƙwayar iska a ƙarƙashin fiffike, su da suka riga Cousteau sanin wannan dabara. Za a ga wasu ɗige-ɗige na tsalle cikin ruwan, da ƙyar ido ke kama su. Waɗannan ɗige-ɗigen su ne abincin farko na ɗan kifi bayan ya ƙyanƙyashe. In babu su babu ƙarfasa, babu tarwaɗa, babu abin da mai suya zai jera a faranti ranar kasuwa.

Kifayen da muka saba da su ma suna da al'ajabin da zai sa baƙo ya biya kuɗin jirgi. Uwar ƙarfasa kan kwashe ƙwanta ta riƙe a baki, ta daina cin abinci har su ƙyanƙyashe, in kuma haɗari ya taso sai 'ya'yan su ruga su koma bakinta. Wasu irin kurungu na iyo a rigingine, ciki sama, don su ci abin da ke saman ruwa, har cikin nasu ya fi bayansu duhu. Minjirya na iya sakin wutar da ta kai wajen bolt 350, kuma duk masuncin da ya taɓa damƙarta cikin koma bai manta ba. Gaiwa kuwa huhu gare ta. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ta haƙa rami a laka, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta bar ɗan kafar shan iska, ta yi watanni tana jiran ruwa. Magabata sun ce gaiwa jikinta take ci, masana kuma sun tabbatar da haka: tsokar jikinta take narkarwa a hankali har damina ta sauka.

Akwai wanda ya fi gaiwa ban mamaki, ga shi kuma ɗan gida ne. A 1928 wani Bajamushe masanin kifaye, Ernst Ahl, ya bayyana wani ɗan kifi da aka samo a kogin Kiyawa, ya sa masa sunan kogin. A yau masana na kiransa Pronothobranchius kiyawensis. Tsawonsa 'yan santimita ne, namijin na da launi mai ɗaukar ido. Rayuwarsa duka damina ɗaya ce. Yana girma cikin makonni, ya binne ƙwai a laka, kududdufin ya bushe iyaye su mutu. Ƙwan na nan cikin busasshiyar ƙasa, shanu na takawa, iskar hunturu na bi ta kai, zafin bazara na gasawa, har ruwan farko ya zuba ya ƙyanƙyashe. Idan yaro ya tambayi daga ina kifi ya zo cikin kududdufin da ba ya haɗe da kowane kogi, ga ɗaya daga cikin amsoshin. A Turai akwai masu kiwon irin waɗannan kifaye a akwatin gilashi, suna aika wa juna ƙwansu cikin ambulan. Mu da kifin ke ɗauke da sunan koginmu, ɗaliban sakandare nawa ne a Jigawa suka taɓa jin labarinsa?

Ƙanana biyu da suka kwantar da garuruwa

Da a ce abin kallo ne kawai, da mai gona zai iya cewa ba shi da lokaci. To, tarihin lafiyarmu ya nuna ba haka ba ne.

Dattawa sun san kurkunu. Yakan fito a ƙafa daidai lokacin shuka da noma, ya kwantar da magidanci makonni, gona ta cika da ciyawa. Mai kawo shi ɗaya ne daga waɗancan ɗige-ɗige masu tsalle, wani ƙwaron ruwa da bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Mai kurkunu ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, ƙwaron ya haɗiye su, wani ya sha ruwan da ƙwaron a ciki. Bayan kusan shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda fata. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami masu cutar fiye da 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa a lokacin. Cutar ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar magani. Abin da ya kore ta shi ne sanin wannan ɗan ƙwaro: a tace ruwan sha da ƙyalle mai ƙananan ido, a hana mai ciwon shiga tafki, a haƙa rijiyar burtsatse. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun bi ƙauyuka da wannan saƙo. An ga mai cutar na ƙarshe a Nijeriya a 2008, kuma a watan Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da kurkunu.

Cuta ta biyu tana nan tare da mu. Tsargiya ba baƙuwa ba ce a duk garin da ke bakin dam ko magudanar noman rani, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Likita Theodor Bilharz ya ga tsutsarta a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da cewa sai ta bi ta jikin dodon koɗi kafin ta kama mutum. Ba babban dodon koɗin da yara ke wasa da katantanwarsa ba ne. Wani ɗan ƙarami ne, bai fi farcen hannu ba, yana manne a bayan ganyen bado ko a jikin ledar da aka yar. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya fashe, ɗan tsutsar ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa. Bayan makonni sai dubbai su riƙa fitowa, sun fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka, mata ke wanki, mai lambu ke tsaye cikin ruwa yana ban-ruwan tumatir. Ta fata suke shiga, ba sai an sha ba. Su girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, sai jini ya bayyana a ƙarshen fitsari.

Har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar wannan jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Cuta ce, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, tana jawo ƙarancin jini, tana taɓa mahaifar mata. Maganinta, praziquantel, ana raba shi kyauta a makarantu, amma yaron da ya sha yau ya koma ruwa ɗaya gobe zai sake kamuwa. Ruwan wanka da aka ɗebo aka ajiye kwana 2 ya kuɓuta, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka a raye in ba su sami fata ba. Saboda wannan cutar ne aka ce rariyar nan ta zama mai dogon mariƙi: mai binciken gefen ruwa ya tsaya a tudu, ko ya sa takalmin roba da safar hannu.

Abin da ya rage gare mu

Muna kashe waɗannan halittu ba tare da mun san su ba. Gidan sauron da aka bayar don kare yara, in aka mayar da shi koma, yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai mako ba. Mai zuba guba irin Gamalin a ruwa don kifi ya taso yana kashe ɗan mazari da abincin kifi gaba ɗaya, ya kuma kai gubar cikin tukunyar miya. Mai feshin da ke wanke tankinsa a magudana yana yin kusan haka ba da niyya ba. Sauro kan dawo cikin kwanaki, masu cinsa kuwa sai sun yi watanni.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Malamin kimiyya a Roni ko Babura na iya kai ajinsa bakin tafki sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani, yara su zana abin da suka gani su rubuta sunansa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure na da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara. Taswirar wuraren da dodon koɗin tsargiya ya fi yawa a kewayen dam aiki ne da zai amfani kowane asibiti a yankin. Sarakunan ruwa da tsofaffin masunta na ɗauke da ilimin da ba ya cikin littafi, na inda kifi ke ƙwai da watan da ya kamata a ɗaga masa ƙafa, kuma ya dace a zauna da su a rubuta tun suna raye. Tukunyar iska ma na da gurbinta a wurinmu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ya ci rayuka aƙalla 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, masu nutso na gargajiya na cikin waɗanda suka shiga ruwa neman mutane. Irin waɗannan bayin Allah sun cancanci horo da kayan aiki, kuma kowace masarauta mai babban dam na bukatar 'yan kaɗan daga cikinsu a shirye.

Mai karatu, idan damina ta sauka kududdufin bayan gari ya cika, ka nemi farin kwano da rariya, ka ja yaranka ku je ku duba. Ka nuna musu ɗan mazari su san abokinsu ne, ka nuna musu ƙaramin dodon koɗin su san abin gudu. Duk yaron da ka gani da jini a fitsari, a kai shi asibiti a makon nan, kada a jira ya girma.